MALAIKA: WAƘAR SAURAYIN DA BABU TA KAYAR

Jawabin da aka gabatar a daren rufe taron shekara-shekara na ƙungiya



Da kwamitin shirya taro ya nemi mu ce wani abu a wannan dare, bayan an gama lissafin shiga da fita, an kuma sha muhawara a kan rijiyar burtsatse da rufin ajujuwa, sai muka ga ya dace mu ɗan sassauta wa jama'a da zancen waƙa. Mun san akwai waɗanda za su ce a ransu, ina ruwan biri da gada? Muna roƙonsu su ba mu aron kunnuwansu na ɗan lokaci, in ya so idan mun kai ƙarshe sai su yanke hukunci.

Waƙar da muka zaɓa ba ta Hausa ba ce. Da harshen Suwahili aka yi ta, can gabashin Afirka, sunanta Malaika. Da wuya a sami wanda ya yi zaman birni a cikinmu, ko ya yi ma'amala da rediyo da kaset a shekarun baya, da bai taɓa jin sautinta ba, ko da kuwa bai san sunanta ba. Ana sa ta a otal-otal da wuraren liyafa, makaɗan zamani kuma idan sun so su kwantar wa taro da hankali sai su ɗauko ta. Sautinta a sanyaye yake, kamar na uwa mai lallashin jariri, shi ya sa da yawa daga masu saurarenta a duniya suka ɗauke ta waƙar masoya biyu da suka sami juna. Haƙiƙa wanda ya san abin da take faɗa ba zai yi mata wannan fahimta ba.

Ga abin da ke cikinta a taƙaice, da namu kalmomin. Wani saurayi ne ke magana da budurwarsa. Ya kira ta da wannan suna, ya shaida mata ƙaunar da yake yi mata, sa'an nan ya sanar da ita cewa aure tsakaninsu ya gagara saboda hannunsa babu komai. Ya koma ya kamanta ta da ɗan tsuntsu. A wani baitin kuma ya kama sunan kuɗi ƙarara, ya kai ƙararsu. Shi ke nan waƙar. Ba ta da labari mai tsawo, ba ta da sunan gari ko na dangi, yaro ma zai iya haddace ta a zama ɗaya. Amma kowace kalma a cikinta tana ɗauke da kaya, kuma su ne muke so mu sauke ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da sunan. Kalmar ba baƙuwarmu ba ce, domin mu da Suwahilawa rijiya ɗaya muka ɗebo ta, wato Larabci. Wani abin sha'awa ma shi ne a Larabci jam'i ce, amma mu da su duka muka mayar da ita tilo, har mu muka ƙera mata namu jam'in muka ce mala'iku. Sai dai a wajenmu ba a saba kiran budurwa da wannan suna ba. Saurayin Bahaushe zai ce tauraruwa, ko zinariya, ko hasken idona, amma mala'ika ta yi wa kunnenmu nauyi. Su kuwa Suwahilawa sukan kira jariri ma da ita, saboda tsarkinsa da rashin laifinsa. To a nan ne muke ganin azancin mawaƙin. Me aka sani game da mala'ika? Ba ya ci, ba ya sha, ba ya aure, hannu kuma ba ya kai gare shi. Ke nan tun daga kalmar farko, kafin ya ce komai game da rashi, saurayin ya riga ya ɗaga yarinyar ya ajiye ta inda ba zai iya miƙa hannu ya taɓa ta ba. Mai sauraro na jin kamar yabo ake yi, alhali kuwa rabin sallama ce. Bugu da ƙari, wadda ake aure ba mala'ika ba ce, 'yar Adam ce mai buƙatar ci da sha da sutura da wurin kwana, kuma waɗannan ɗin ne shi ba ya da halinsu. Shi ya sa a cikin numfashi ɗaya za ka ji ya sauko da ita ƙasa, ya kira ta da kalmar gida, "dada", wato 'yar'uwa. Haka yake ta kai da kawo da ita tsakanin sama da tsakar gida har waƙar ta ƙare.

Yanzu mu zo kan abin da muke ganin shi ne ginshiƙin waƙar, wato wata 'yar ƙaramar gaɓa ta nahawu. A Suwahili akwai ɗafin da ake sakawa cikin aikatau, "nge", domin nuna abin da zai auku da sharaɗinsa ya cika, amma bai cika ba. Aikinsa ɗaya da "da" ɗinmu ta Hausa, irin wadda manomi ke yi bayan kaka: da ruwa ya kai, da rumbu ya cika. Duk inda saurayin nan ya ambaci aure, da wannan siga ya ambace shi. Ƙaunar a yanzu ya faɗe ta, tana nan tana ci, amma auren a "da" ya bar shi. Bai ce ta jira shi zuwa baɗi ba. Bai ce zai tafi ci-rani ya tara ya dawo ba. Bai ce su gudu ba. Bahaushe ya ce da-na-sani ƙeya ce, a baya take. To ita wannan "da" ta waƙar ta fi da-na-sani ciwo, domin mai da-na-sani yana da kuskuren da zai kama ya zargi kansa, har ya ce gobe ba zan ƙara ba. Shi kuwa wannan bai yi kuskuren komai ba, babu ce kawai, kuma ba a tuba daga babu.

Akwai wasu kalmomi biyu da suka ƙara fito da wannan. Ta farko ita ce ta auren kanta. Mu a Hausa mukan ce ya aure ta, mu kuma ce ta aure shi, babu laifi. A Suwahili ba haka ba ne: namiji shi ke "oa", mace kuwa "olewa" ake yi da ita. Mai magana a waƙar siga ta farko ya yi amfani da ita, saboda haka babu tantama namiji ne, wanda al'ada ta ɗora wa nema da biya. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi. Ta biyu ita ce wadda ya bayyana kasawarsa da ita. Tushenta "shinda", wato cin nasara, shi kuwa ya kawo ta a sigar wanda aka ci. Ita ce kalmar da ake faɗa wa wanda ya shiga gasa ya sha kaye. Wato bai ce ya fasa ba, bai ce ya haƙura ba, cewa ya yi an fi ƙarfinsa. Ya shiga fage kamar ɗan kokawa, ya yi iya yinsa, abokin karawarsa ya ɗaga shi ya maka da ƙasa. Abokin karawar kuwa ba mutum ba ne, ballantana a ce a sake zagaye.

To wace dukiya ce wannan da ya rasa? Waƙar ta kira ta da sunaye biyu, kuma a ganinmu tarihin ƙasar gaba ɗaya yana tsakanin sunayen nan. Na farko "mali", daga Larabci, ita ce dai ke cikin baitulmalinmu, tana nufin abin da mutum ya mallaka, ko dabba ko gona ko kadara. Na biyu "pesa", tsabar kuɗi, kalmar da masana ke dangantawa da kuɗin Indiya, domin rufi ta Indiya ita ce ake kashewa a wannan yanki har zuwa 1920. Birnin Nairobi, inda waƙar ta fito, a 1899 ya fara, a matsayin zangon ma'aikatan hanyar jirgin ƙasa da Turawan Ingila suka shimfiɗa daga Mombasa zuwa tabkin Victoria. Sun kwaso dubban leburori daga Indiya domin wannan aiki, 'yan kasuwarsu kuma suka biyo baya suka kama kantuna. 'Yan ƙasa kuwa haraji ya koro su daga ƙauyuka zuwa aikin lada, kowane namiji da takardar shaida da ake kira "kipande" a cikin ɗan gwangwani rataye a wuyansa. A yawancin al'ummun yankin dukiyar aure shanu ce da awaki, uba da baffanni ke haɗa ta, ana kuma iya biya sannu a hankali. Da aka shiga birni, sai ta fara komawa tsabar kuɗi, yaro kuma ya wayi gari shi kaɗai da ɗan albashinsa, babu garke a bayansa, babu baffa a kusa, ga shi yana takara da mai kanti. Saurayin Malaika ɗan wannan zamani ne. Ya baro mali a gida, pesa kuma ta ƙi zama a hannunsa.

Game da wanda ya tsara waƙar, har yau ana jayayya, Kenya da Tanzaniya kowace na cewa tata ce. Wanda ya fi shahara da ita shi ne Fadhili William, ɗan ƙabilar Taita ta Kenya, wanda ya naɗe ta a faifai a Nairobi a farkon shekarun 1960, ya kuma rasu a 2001. Akwai kuma Adam Salim, mutumin Tanzaniya, wanda ya ce shi ya yi ta tun 1945 lokacin da yake zaune a Nairobi, saboda yarinyar da yake so iyayenta suka hana shi suka ba wani attajiri Ba'indiye. Su ma, a lura, "tajiri" suke cewa. Ba mu ne za mu raba wannan gardama ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne shi ma Fadhili labarin da ya bayar kusan iri ɗaya ne: ya so yarinya, ya kasa biya, wani mai hali ya ɗauke. Mutum biyu suna jayayya a kan waƙa, amma ba su saɓa a kan ciwon ba, domin ciwon na samarin birnin ne baki ɗaya.

Ɗan tsuntsun nan ba za mu daɗe a kansa ba. Tsuntsu abu ne da kake gani da idonka, kana jin kukansa, yana iya sauka a kan dangar gidanku, amma da ka matsa sai ya tashi. Mala'ika ba a ganinsa sam, tsuntsu kuwa ana gani ba a kamawa, kuma duk wanda ya taɓa zama unguwa ɗaya da wadda aka hana shi zai gaya muku wanne ya fi zafi.

Daga nan sai waƙar ta bar gida. Miriam Makeba ta Afirka ta Kudu ita ta kai ta duniya. A 1965 ta rera ta tare da Harry Belafonte a faifan da suka yi na haɗin gwiwa, wanda ya ci kyautar Grammy a 1966. A 1967 wasu samarin Suwidin masu suna Hep Stars suka yi tasu, ta kuma yi kasuwa ƙwarai a ƙasarsu. A cikinsu akwai Benny Andersson, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin 'yan ABBA. A 1981 ƙungiyar Boney M ta Jamus ta sa mata kiɗan rawa. A 1991 Angélique Kidjo ta Jamhuriyar Benin ta saka ta a faifanta mai suna Logozo. Waɗanda ba mu ambata ba sun fi waɗanda muka ambata yawa nesa ba kusa ba.

Kowane baki da ta shiga sai ya ɗan juya ma'anarta, ko da kalmomin ba su sauya ba. Na Makeba shi ya fi tsaya mana a rai. Wannan mata a 1960 mahaifiyarta ta rasu, ta nemi komawa gida jana'iza, sai ta tarar gwamnatin wariyar launin fata ta soke mata fasfo. Ba ta sake taka ƙasarta ba sai 1990. Ta zauna Amurka, ta yi shekaru a Gini, ta zo Legas bikin FESTAC a 1977, ta rasu a Italiya a 2008 jim kaɗan bayan ta sauko daga dandalin waƙa. Idan irin wannan mace ta tsaya gaban taro tana kiran abin ƙauna da aka raba ta da shi da ƙarfi, tana cewa da hali ya yi da ba haka ba, wa zai ce saurayi da budurwa kawai ake nufi? Mu dai idan muka saurari muryarta, ƙasa muke ji ana kira. Wannan fahimtarmu ce, ba mu ce ita ta faɗi haka ba, amma muna zaton duk wanda ya yi shekara goma a wani gari yana lissafin kuɗin mota kafin ya je gaida iyayensa zai gane abin da muke nufi.

Na Boney M kuwa wani abu ne daban. A can sai kuka ya koma abin tattaki, jama'a na rawa suna murna a kan kalmomin da ba su san ma'anarsu ba. Ba mu ga laifinsu ba, haka waƙa take idan ta yi tafiya mai nisa, sautin ke isa, ma'anar ta tsaya a hanya. Sai dai akwai abin dariya mai ɗaci idan ka ji an sa ta a wurin liyafar aure, ango da amarya na yanka kek, a bayansu kuwa wanda ya rasa ne ke kai kukansa. Daɗin daɗawa, waƙar da aka yi a kan rashin kuɗi ta tara wa kamfanonin faifai kuɗi a nahiyoyi da dama, alhali waɗanda ke jayayyar tsara ta babu wanda aka sani da arzikin da ya kai shaharar waƙar.

Wani abu da ya kamata mu lura da shi shi ne waƙar ba ta zargi kowa ba. Ba ta zagi uban yarinya ba, ba ta yi wa attajiri habaici ba, ba ta ce yarinyar ta ci amana ba. Da mawaƙinmu na gida ne, da wuya ya wuce bai saki zambo ko ɗaya ba. Wasu za su ce wannan rauni ne, namiji ya tsaya yana kuka maimakon ya tashi ya nema. Mu ba mu gan shi haka ba. Muna ganin saurayin ya san uban yarinyar ba mugu ba ne. Uba da ya tambayi da me za ka riƙe ta bai yi laifi ba, haƙƙinsa ne, kuma so komai yawansa ba ya ɗora tukunya. Da a ce akwai mugu a labarin, da waƙar ta mutu tare da shi. Ta rayu ne saboda kowa a cikinta yana da gaskiyarsa, amma duk da haka aure bai yiwu ba.

Ya ku 'yan'uwa, a nan ne biri ya haɗu da gada. Sadaki a wajenmu ba shi ne ke kayar da samari ba. Mafi ƙarancinsa a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne. Abin da ke kewaye da shi ne ke kayarwa: na-gani-ina-so, gaisuwar iyaye, kayan sa rana, uwa uba lefe. Dattawan da ke nan sun san lokacin da lefe lefe ne na gaske, saƙaƙƙe da kaba, mace ɗaya ta ɗauke shi a ka. Daga nan aka koma kwalla da fantimoti, yau kuma saitin akwatuna ne da sai an ɗauko mota. Mu tambayi kanmu, ta wace hanya wannan ya isa garinmu? Ta hannunmu ya isa. Mu mazauna birni mu ne mukan zo gida da bikin 'ya'yanmu, da dina da masu hoto da anko kala-kala, mu yi kwana uku mu tattara mu koma, mu bar wa maƙwabci ma'auni. Yaron da ke facin taya a bakin kasuwa, ko malamin firamare, da shi za a auna shi baɗi, ko da kuwa ba a faɗa masa da baki ba. An ce kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa, amma mu ne muka kai rawar har ƙofar gida.

Kuma kada mu manta a ƙasar Hausa kayen ba na saurayi kaɗai ba ne. Akwai uban da ya sami surukin kirki amma yake ta ɗaga rana saboda gado da katifa da kujeru da jere da gara. Shi ba wanda ya yi masa waƙa. Lamarin ya kai tun 2012 gwamnatin Kano, ta hannun hukumar Hisba, ta shiga ɗaurin auren gata, tana ɗaukar nauyin sadaki da kayan ɗaki. Duk abin da ya sa hukuma ta shiga tsakanin saurayi da budurwa da kuɗin baitulmali, ba ƙaramin abu ba ne. Kuma a cikin wannan zaure, a layukan baya can, akwai samarinmu da suka haura shekara talatin suna zaman haya su uku a ɗaki ɗaya a Legas ko Abuja ko Kaduna, kullum idan sun zo gida a yi musu tsiyar tuzuranci su yi dariya. Ba sai an fassara musu Suwahili ba.

Mun ce za mu dawo kan kalmar auren nan, ga shi mun dawo. Daga farkon waƙar har ƙarshenta yarinyar ba ta ce uffan ba. Ba mu san ko tana son sa ba, ba mu san ko ta yarda ta zauna da shi a kan tabarma ba, ba mu san ko an ma tambaye ta ba. A namu adabin 'yan mata sun sami bakin magana, a dandali wajen gaɗa, a kan dutsen niƙa, daga baya kuma a littattafan soyayya irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, inda 'yar masu kuɗi ta kafe a kan talaka. A Malaika babu wannan. Abin mamaki kuma shi ne mata ne suka fi ɗaukaka waƙar, Makeba da Kidjo da wasunsu, amma su ma da suka karɓe ta kalmomin namijin suka rera, da sigar mai aure ba wadda ake aure ba. Fiye da shekara 60 ke nan ana kiran yarinyar nan a kusan kowace nahiya, har yau ba a ji amsarta ba.

Muna kyautata zaton iyayenmu mata da ke zaune a wancan ɓangare sun fi mu sanin abin da za ta ce. Idan shugaban taro ya yarda, a miƙa musu abin magana.